Ko Magani Yana Iya Mayar da Ƙuruciya? Labarin Sinadaran Homon a Jikin Mata da Maza Masu Manyanta

A tsakiyar hunturu, lokacin da kowa yake neman ƙarin bargo, akan sami mace 'yar kimanin shekara 50 ta farka cikin dare ta jiƙe sharkaf da gumi. Wani irin zafi ne yakan taso mata daga ƙirji, ya bi wuya, ya mamaye fuska, zuciyarta ta riƙa bugawa da sauri. Bayan minti uku ko huɗu sai ya wuce, ya bar ta tana rawar ɗari. Da gari ya waye sai a aiki yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓin cizon sauro. Idan ta sha bai yi ba, a ce shawara ce. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a fara zancen iska ko sammu. Alhali kuwa sau da yawa babu ko ɗaya daga cikinsu. Jikinta ne ya zo wata mararraba da kowace mace mai tsawon rai za ta zo, wato lokacin ɗaukewar haila.

Fiye da shekara 80 ke nan likitoci suna da maganin da yake kwantar da wannan zafi. Sai dai da wuya a sami wani magani da ra'ayin masana ya yi ta kai da komo a kansa kamar wannan. An taɓa ɗaukarsa a matsayin maganin tsufa, aka dawo aka guje shi kamar guba, sa'an nan aka sake komawa gare shi a hankali. Maza ma an yi musu irin nasu.

Saƙo cikin jini

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san bambancin bunsuru da taure. Bunsuru ga wari, ga faɗa, ga bin awaki. Taure kuwa sai ci da ƙiba da sanyin hali. Abin da ya raba su bai wuce maraina ba. Mutane sun san haka tun fil azal, amma ba su san ta wace hanya 'yar wannan gaɓa take juya jiki duka ba.

A shekarar 1849 wani malami a Jami'ar Gottingen ta ƙasar Jamus, mai suna Arnold Berthold, ya fiɗiye waɗansu 'yan zakaru. Waɗanda ya bari haka nan zankonsu bai girma ba, ba su yi cara sosai ba, ba su kuma kula kaji ba. Waɗansu kuwa sai ya mayar musu da maraina, amma cikin ciki, kusa da hanji, nesa da inda Allah ya ajiye su. Waɗannan suka tashi cikakkun zakaru. Da ya yanka su ya duba, sai ya tarar marainan sun haɗu da hanyoyin jini, amma babu wata jijiya da ta sada su da ƙwaƙwalwa. Ashe ke nan saƙon ta cikin jini yake tafiya. A shekarar 1905 Ernest Starling na Ingila ya raɗa wa irin waɗannan 'yan saƙo sunan homon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa.

Homon dai sinadari ne da wata gaɓa take haɗawa ta zuba cikin jini, jini ya kai shi ko'ina, amma ba ya aiki sai a ƙwayoyin jikin da suke da makarɓarsa, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kowane kwaɗo. Uku daga cikinsu ne suka shafi wannan bayani: istirojin da furojestaron, waɗanda gidan ƙwan mace yake samarwa, da testostaron, wanda maraina suke samarwa. Ya kamata ɗalibai su lura cewa rabon ba a yanke yake ba. Mace tana da ɗan testostaron, namiji kuma yana juya wani kaso na nasa ya zama istirojin, ƙasusuwansa ma suna bukatar hakan.

Abin da yake faruwa ga mace

Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2, kuma ba ta ƙara yin wani. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin 300,000 ko 400,000. Waɗanda za su nuna su fito a duk tsawon shekarun haihuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba, sauran duk lalacewa suke yi a hankali. Ƙwayoyin da suke kewaye da ƙwan su ne masu haɗa istirojin. Saboda haka idan ƙwai ya ƙare, istirojin ma sai ya janye. Ƙwaƙwalwa ba ta daina aiko da nata homon na umurni ba, sai ma ƙarawa da take yi, tamkar baƙon da yake ta ɗaga murya da sallama a ƙofar gidan da mutanensa suka tashi. Idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba don ciki ko wata cuta ba, to, haila ta ɗauke. Ga mafi yawan matan duniya wannan yakan faru tsakanin shekara 45 da 55.

Wannan ba cuta ba ce, kuma mata da yawa sukan yi marhabin da ita, don sun huta da ɗawainiyar haihuwa, ga salla da azumi babu yankewa. Waɗansu sukan wuce ta ba tare da sun ji komai ba. Amma mafi yawa sukan sami tasowar zafin nan, domin sashen ƙwaƙwalwa da yake daidaita ɗumin jiki ya saba aiki da istirojin. Da ya rasa shi, ɗan canji kaɗan sai ya ɗauka jiki ya yi zafi, ya buɗe hanyoyin jinin fata, ya saki gumi. An daɗe ana gaya wa mata cewa abin na shekara ɗaya ne ko biyu. Wani dogon bincike da aka bayar da sakamakonsa a Amurka a shekarar 2015 ya nuna cewa ga matan da abin yake yawan taso musu, matsakaicin tsawonsa ya haura shekara 7, ga baƙaƙen mata kuwa ya kai shekara 10. Bayan wannan akwai rashin barci, da saurin fushi, da bushewar gaba wadda takan sa kwanciyar aure ta zama azaba, abin da kunya take hana mata faɗa wa likita.

Ɓarnar da ta fi ita ce wadda ba a ji. Ƙashi ba dutse ba ne, rayayyen abu ne da ake rushewa ana sake ginawa kullum, kamar gidan ƙasa da damina take zaizayewa, magina suna bi da yaɓe. Istirojin shi yake taka wa masu rushewa burki. Idan ya tafi, rushewa ta fi gini, har mace ta yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta a 'yan shekarun farko. Daga nan ne ake samun tsohuwa ta ranƙwafa, ko ta zame a banɗaki ƙashin ƙugunta ya karye. Wani likita a Boston, Fuller Albright, shi ya fara danganta wannan da ɗaukewar haila a wajen shekarar 1941.

Fitsarin goɗiya da doyar jeji

Tunda ƙarancin sinadari ne ya jawo matsalar, ai mayar da shi shi ne magani. Wannan ita ce hikimar, kuma ba ta da wuyar fahimta. A shekarar 1929 Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa da nasa aikin, suka tace istirojin daga fitsarin mata masu ciki. Da aka zo neman mai yawa don kasuwa sai aka koma ga dawaki. A shekarar 1942 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Premarin, wadda sunanta ma an ƙago shi ne daga kalmomin Ingilishi masu nufin fitsarin goɗiya mai ciki.

Shi kuwa furojestaron, tsada ce ta so ta hana amfani da shi, sai da wani masanin haɗa sinadarai, Russell Marker, ya gano hanyar samar da shi daga wata doyar jeji ta ƙasar Meziko a farkon shekarun 1940. Doyar dangi ce ta wadda ake sakwara da ita. Amma kada wannan ya ruɗi kowa: juyin a ɗakin gwaji ake yin sa, jikin mutum ba ya iyawa. Mayukan da ake sayarwa da sunan doyar jeji don gyaran homon, ko cin doyar kanta, ba sa ƙara wa mace furojestaron ko ɗigo.

A shekarar 1966 wani likitan mata a New York, Robert Wilson, ya wallafa littafi wanda ma'anar sunansa ita ce mace har abada. A ciki ya kira ɗaukewar haila cuta, ya ce kowace mace ta riƙa shan istirojin har ƙarshen ranta don kada ta tsufa. Littafin ya yi kasuwa, maganin ma ya yi. Daga baya ne aka san cewa kamfanonin magunguna suna tallafa wa gidauniyarsa da kuɗi.

Ba a yi shekara 10 ba aka fara ganin illa. A shekarar 1975 bincike biyu suka nuna cewa matan da suke shan istirojin shi kaɗai sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin mahaifa ninkin-ba-ninkin. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya karanta darasin haila a aji. Aikin istirojin shi ne ya sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. Furojestaron ne yake tsayar da kaurin. Idan aka ba da na farko babu na biyu, shimfiɗar sai ta yi ta tohuwa ba mai tsawata mata. Da aka gane haka sai aka riƙa haɗa biyun ga duk macen da take da mahaifa, a bar istirojin zalla ga wadda aka cire wa. Wannan ƙa'ida ba ta canja ba.

Binciken da ya girgiza likitoci

A shekarun 1980 da 1990 maganin ya sake tashi, da wani sabon dalili. An bi dubban ma'aikatan jinya mata a Amurka tun daga shekarar 1976, ana rubuta abin da suke ci da sha da cututtukan da suka same su. Aka ga masu shan homon ba su cika kamuwa da ciwon zuciya kamar sauran ba. Sai likitoci suka fara rubuta shi ga matan da ba su da wani koke, har da 'yan shekara 70, don kawai a tsare musu zuciya. Premarin ta zama ɗaya daga cikin magungunan da aka fi rubutawa a Amurka.

A nan akwai tarkon da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya sani. Su wane ne suke shan maganin? Galibi mata ne masu hali, masu ilmi, marasa ƙiba, masu zuwa asibiti a kai a kai. Irin waɗannan ko ba su sha komai ba za su fi sauran lafiyar zuciya. Idan aka ga masu hawa mota sun fi masu tafiya a ƙasa tsawon rai, ba a cewa mota magani ce. Hanya guda ta raba gardama ita ce a tara mutane masu yawa, a jefa ƙuri'a, rabi su sami maganin gaske, rabi su sami holoƙon ƙwaya mai kama da shi, ba tare da su ko likitocinsu sun san wanda ya sami wanne ba. Ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ko talaka ba, saboda haka duk bambancin da ya fito daga baya, maganin ne ya kawo shi.

Haka gwamnatin Amurka ta yi a wani gagarumin bincike kan lafiyar mata da aka fi sani da WHI. An sa mata 16,608 masu mahaifa, 'yan shekara 50 zuwa 79. An shirya za a yi fiye da shekara 8, amma a watan Yuli na 2002, bayan shekara 5 da 'yan watanni, aka tsayar da shi. Zuciyar da aka ce ana tsarewa ba ta tsaru ba, ga kuma ƙarin ciwon dajin nono. Jaridu suka buga cewa maganin yana ƙara haɗarin dajin nono da kashi 26 cikin 100. Mata miliyoyi suka watsar da ƙwayoyinsu.

Adadin gaskiya ne, amma yana bukatar a zauna a warware shi. Cikin kowace mata 10,000 masu shan holoƙo, 30 ne suka kamu da dajin nono a shekara. Cikin masu shan maganin, 38. Ƙarin 8 a kan 30 shi ne ya ba da wannan kashi 26 ɗin, idan aka yi lissafin da cikakkun alƙaluma. Amma ƙarin 8 cikin 10,000 bai kai mace 1 cikin 1,000 a shekara ba. Haka sauran: ƙarin mata 7 masu ciwon zuciya, 8 masu shanyewar ɓarin jiki, 8 masu gudan jini a huhu; a ɗaya gefen kuma ragin 5 a karayar ƙugu da ragin 6 a dajin hanji. Malamin lissafi da yake neman misalin yadda adadi ɗaya yake iya tsorata mutum ko ya kwantar masa da hankali, gwargwadon yadda aka faɗe shi, ba zai sami wanda ya fi wannan ba.

Ba a ce haɗarin ba komai ba ne. Ƙanƙanin haɗari idan aka rarraba shi ga mata miliyoyi masu lafiya, waɗanda aka ba maganin don rigakafi kawai, ya zama dubban rayuka. A shekarar 2003, bayan an rage sha, yawan sababbin masu dajin nono a Amurka ya sauka da kusan kashi 7 cikin 100. Binciken ya yi aikinsa, ya rushe da'awar cewa homon rigakafin tsufa ne. Wani reshensa ma ya nuna cewa ga matan da suka kai shekara 65 kafin su fara, haɗin biyun ƙara haɗarin gigin tsufa yake yi.

Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar hukuncin a aza wa kowa. Matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, yawancinsu sun daɗe da rabuwa da haila. Ba su ne matan da suke zuwa wurin likita da kukan zafi da gumi ba. Da aka sake rarrabe alƙaluman bisa shekaru a 2007, sai aka ga cewa waɗanda suka fara maganin kusa da ɗaukewar haila ba su sami ƙarin ciwon zuciya ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, istirojin yana yi wa lafiyayyar jijiyar jini kirki, amma ga wadda kitse ya riga ya daskare a bangonta yana iya tayar da ɓarna. Bugu da ƙari, ɗaya reshen binciken, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa masu shan istirojin zalla, wanda aka tsayar a 2004 saboda shanyewar ɓarin jiki, bai nuna ƙarin dajin nono ba. Da aka ci gaba da bin su ma ragi aka gani. A shekarar 2017, bayan shekara 18 ana bibiya, aka tarar yawan mace-mace bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. A tsakanin nan mata da yawa sun sha wuya a banza, likitoci suna tsoron rubuta musu abin da zai ba su barci. A watan Nuwamba na 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar da cewa za a cire yawancin kakkausan gargaɗin da aka liƙa wa waɗannan magunguna tun 2003.

Matsayar da ƙungiyoyin likitocin mata suka tsaya a kai ita ce: macen da ba ta kai shekara 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar haila ba, wadda zafin yake hana ta sakat, amfanin maganin ya fi haɗarinsa, kuma babu abin da ya kai shi kwantar da zafin. Wadda hailarta ta ɗauke kafin shekara 40, abin da yakan sami kimanin mace 1 cikin 100, ita bukatarta ta fi ƙarfi, don ƙashinta da zuciyarta za su daɗe babu kariya. Wanda ake mannawa a fata ko a shafa, alamu sun nuna bai kai na haɗiya kawo gudan jini ba, domin ba ya bi ta hanta tukuna. Ga bushewar gaba kuwa akwai ɗan kaɗan da ake sawa a wurin, wanda abin da yake shiga jini daga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Ba a ba wadda ta taɓa yin dajin nono, ko gudan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani. Irin waɗannan an samar musu wata ƙwaya a 2023, mai suna fezolinetant, wadda ba homon ba ce, tana aiki ne kai tsaye a kan sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumi, ko da yake ita ma sai ana duba hanta.

Abu ɗaya da ya kamata ɗalibi ya kai wa iyayensa mata gida: jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa ba haila ba ce, ba kuma alamar dawowar ƙuruciya ba ce. Yana iya zama alamar farko ta dajin mahaifa, kuma asibiti ya kamata a nufa da shi tun da wuri.

Su kuma maza fa?

Labarin maza ya girmi na mata. A shekarar 1889 wani shahararren masanin aikin jiki, Charles Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya tsaya gaban taron masana a birnin Faris ya ce ya niƙa marainan karnuka da na ɓeran Masar, ya tace ruwan, ya yi wa kansa allura, kuma ƙarfinsa ya dawo. Kafin shekara ta zagayo dubban likitoci suna yi wa mutane wannan allura. Shi dai ya rasu a 1894. A shekarar 2002 waɗansu masana a Ostareliya suka maimaita haɗin nasa suka auna, suka tarar testostaron da yake ciki bai kai ko kashi 1 cikin 1,000 na abin da zai yi aiki ba, domin maraina ba sa tara shi, da sun haɗa suke zuba shi cikin jini. Ƙarfin da dattijon ya ji daga zuciyarsa ya fito. Sai a 1935 aka tace testostaron na gaske a Amsterdam, aka kuma haɗa shi a ɗakin gwaji a shekarar.

Akan ji ana cewa maza ma suna da nasu ɗaukewar. Wannan magana ba daidai ba ce. Na mace yankewa ce cikin 'yan shekaru, kuma babu wadda take tsallakewa. Na namiji zirarewa ce, kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara daga wajen shekara 40, kuma tsofaffi da yawa suna mutuwa da isasshensa, har suna haihuwa. Wani bincike a ƙasashen Turai takwas, wanda aka wallafa a 2010, ya duba maza fiye da 3,000 'yan shekara 40 zuwa 79, ya tarar kimanin 2 cikin 100 ne kawai suka haɗa ƙarancin sinadarin da alamominsa na gaskiya. An kuma ga cewa teɓa da ciwon sukari sun fi yawan shekaru saukar da shi, kuma wanda ya rage ƙiba nasa yakan ɗaga.

Duk da haka, da aka fito da na shafawa a Amurka a shekarar 2000, sai tallace-tallace suka cika talabijin, suna tambayar maza ko suna jin gajiya, ko suna gyangyaɗi bayan cin abincin dare. Wane magidanci ne ɗan shekara 55 zai ce a'a? Daga 2001 zuwa 2011 masu amfani da shi a cikin maza 'yan shekara 40 zuwa sama suka ninka sau uku, kuma kusan 1 cikin 4 ba a ma auna jininsu ba kafin a rubuta musu. Tarihin Wilson ne ya maimaita kansa.

Gwaje-gwajen ƙuri'a sun zo daga baya. A 2016, maza 790 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka tabbatar nasu ya yi ƙasa, sun sami ɗan ƙarin sha'awa da ɗan sakin rai, amma kuzari da ƙarfin tafiya ba su canja sosai ba, ƙwaƙwalwa ma haka. A 2023 wani gwajin da ya ƙunshi maza fiye da 5,000 ya nuna cewa maganin bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, amma ya ƙara rikicewar bugawar zuciya da gudan jini a huhu, har da karayar ƙashi, abin da ba wanda ya zata. Ga namijin da marainansa suka lalace, ko ƙwaƙwalwarsa ta daina aika musu umurni, testostaron magani ne na haƙiƙa, kuma yana canja rayuwarsa. Ga wanda shekaru ne kawai suka ja, ribar kaɗan ce.

Masu tallar maganin ƙarfin maza a kasuwanni da tashoshin mota ba su bar wa kowa shakka cewa bukatar tana nan ba. Sai dai raunin da yake kai magidanci wurinsu galibi ba na homon ba ne, na hanyoyin jini ne: hawan jini, ko sukari, ko taba. Jijiyoyin jinin gaba sirara ne, sun fi na zuciya saurin toshewa, saboda haka raunin yakan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Wanda ya rufe shi da garin magani ya kashe ƙararrawar da take faɗakar da shi. Ba a gane ƙarancin testostaron da ido. Sai an auna jini da sassafe, lokacin da ya fi yawa, kuma a maimaita a wata rana.

Akwai kuma illar da masu sayarwa ba sa faɗa, wadda ta shafi dattijon da ya yi sabon aure yana fatan haihuwa. Idan testostaron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga jini ya cika, ta daina aika wa maraina umurni. Su kuma sai su daina aiki, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke ɗungum. Tasirin yana da ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testostaron a matsayin maganin hana haihuwa na maza, ta wallafa sakamakon a 1990, kuma ya yi aiki ga mafi yawan waɗanda aka gwada. Bayan an daina, jikin mafi yawan maza yakan farfaɗo, amma yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara ɗaya ko biyu, kuma gwargwadon yawan shekarun mutum da daɗewarsa a kan allurar, gwargwadon jinkirin.